Tsugunon Hamajoɗa

Tun da aka kafa gada a kan Binuwai manyan motoci suka fara haye ta da kaya, Jimeta ba ta taɓa yin direban da ya tsaya wa mai mota tsayin daka kamar Hamajoɗa ba. An ɗora masa lodin da ya fi ƙarfin mota ya kuma saɓa wa doka, ya ƙi shi da dukan zuciyarsa, ya ɗanɗana kuɗarsa. Wannan tsayin daka a kwance ya yi shi, a kan tabarma, cikin ɗakinsa a unguwar Yolde Pate, fuskarsa tana kallon bango.

A Makama aka haife shi, cikin tsohon garin Yola, a wani ɗaki da ke bayan gidan attajirin da ubansa yake yi wa kiwo. Shekarar da cutar bushiya ta share shanun ƙasar, uban ya yi ta zama yana kallon turaku babu komai a ɗaure, kafin damina ta zagayo shi ma ya bi shanun. Gidan attajirin ya riƙe yaron. Babban ɗan gidan, Muktar, wanda a lokacin bai zama Alhaji ba, ya sayi wata tsohuwar Marsandi mai bodin katako, ya ɗora Hamajoɗa a bayanta yana sa wa taya waigi yana zuba ruwa a lagireto. Daga waigi ya kai ga sitiyari. Da Marsandi ta mutu aka sayi tirela, shi aka miƙa wa makulli. Gidan ne ya yi masa aure da Na'inna, gidan ne kuma ya nuna masa filin da ya gina ɗaki biyu a Yolde Pate. Makullin nan shi ne duk abin da ya mallaka wanda ba nasa ba, kuma shi ne abin da ya fi tsoron rasawa. Bai iya noma ba, shanu kuwa sun riga sun yi masa sallama tun yana yaro.

Mutanen Yola na da suna da wani abu da suke kira semteende. Bahaushe zai ce kunya, amma kunyar Bahaushe tana da ranar hutu. Wanda ya tashi da tuwon wani gida ba ya buɗe baki ya ce wa mai gidan a'a, ko da an ce ya ɗauki dutsen Bagale ya kai Numan. Sai dai mutanen da suka haramta wa kansu kalma ba su haramta wa kansu dabara ba, kuma tsakanin Hamajoɗa da Alhaji Muktar dabarar ta kasance a gwiwa.

Ga yadda abin yake. Alhaji yana zaune a kan darduma a zauren gidansa, Hamajoɗa zai cire takalmi ya tsuguna kusa da ƙofa. Alhaji ya faɗi kaya, ya faɗi gari. In lodin ya yi daidai, Hamajoɗa ya ce to, ya miƙe. In ya yi yawa, ya ce to, da murya ɗaya da ta farko, sai dai ba zai miƙe ba. Zai ci gaba da tsuguno yana duban ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa. Alhaji kuma ya shiga wata hira, ya tambayi ruwan kogi, ya tambayi Na'inna da yara, ya ɓare goro. Can sai ya ɗaga murya da Fillanci ya ce wa shugaban 'yan dako a sauke kaza. In bai isa ba tsuguno ya ci gaba. Akwai ranar da gwiwar Hamajoɗa ta sauke buhu hamsin, bakinsa bai motsa ba.

Kada a ɗauka Alhaji waliyyi ne. Yana son obalodi kamar kowane mai mota, ya kuma yi imani cewa Baturen da ya rubuta iyakar nauyi a jikin ƙofa bai taɓa zuwa Adamawa ba. Sau da yawa tsugunon ne yake faɗuwa: Alhaji ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, ya bar mutum da gwiwarsa, Hamajoɗa kuma ya tashi ya ja kayan yadda suke. Amma ko a ranar faɗuwa, Hamajoɗa yakan hau mota da sanin cewa an ji shi, an dai ƙi ne.

Sau ɗaya abin ya wuce gwiwa. Alhaji ya sa an jera durom-durom na fetur ƙarƙashin buhunan masara, za a kai bakin iyakar Kamaru. Hamajoɗa ya tsuguna har ƙafarsa ta mutu, Alhaji ya tafi salla. Sai Hamajoɗa ya ce to, ya koma gida, washegari bai fito ba. A tsohuwar Yola babu ihun da ya fi wannan ƙara. Da hantsi sai ga Alhaji da kansa a Yolde Pate da ƙullin goro, wai ya zo ganin yadda rufin ɗaki ya yi da ruwan bana. Ya duba rufi, ya yaba, ya sha fura, ya tafi. Ba a ambaci fetur ba. Da Hamajoɗa ya isa gareji, masara ce kaɗai a mota.

Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi yana can, ya gama sauke gishiri ke nan. Bai kira kowa ba, ya dai tsaya neman hanyar juyawa, kafin ya juya mota ta cika. Mutane a cikin bodi, mutane a kan rufin kai, mutane a tsaye a kan tankin gas suna riƙe da madubi. Wata tsohuwa ta hau da kan keken ɗinki a goye kamar jariri. Ya ja su a ƙaramar giya ta duk hanyar da ta samu, yana jin ƙarfen ƙasa yana kuka, har ya haye gada ya sauke su a Jimeta. Shi ne obalodi mafi girma da ya taɓa ɗauka, kuma shi kaɗai ne babu wanda ya sa shi. Da Alhaji ya zo ya ga sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye gida biyu, ya tattara babbar riga ya tsuguna a gefen taya, ya daɗe bai miƙe ba. Daga baya ya aika wa Nwabueze mai kayan gyara ya kawo wani.

Ba a daɗe ba bayan wannan, hawan jini ya kwantar da Alhaji, ya kuma ɗauke shi. Motoci suka faɗa hannun ɗansa Usaid, wanda ya tashi a Abuja wajen uwarsa, ya yi karatun kasuwanci a ƙasar waje. Yaro ne mai ladabi, kowa ya shaida. Fillancinsa ya tsaya a gaisuwar safe da amsarta. Ya kwashe harkar daga zauren Makama ya mayar da ita wani ofis a Jimeta, jikin gareji, mai na'urar sanyi da kujeru masu taushi, ya ɗauki akawu mai suna Munirat.

Ranar farko Hamajoɗa ya cire takalmi a bakin ƙofa ya tsuguna. Usaid ya zabura ya zagayo tebur ya kama hannunsa.

"Haba Baffa. Kai da ka ɗauke ni a wuya ina yaro? Wallahi ba za ka tsuguna mini ba. Ga kujera."

Ya zauna a kujera. Usaid ya faɗi kaya: siminti ne za a kai Gombi, kuma adadin da ya faɗa ya haura abin da ko marigayi yake kunyar faɗa. Hamajoɗa ya ce to, bai tashi ba. Ya kafa wa kafet ido. Usaid ya koma kan wayarsa. Da ya ɗago ya ga dattijo yana nan zaune, sai ya ji kunyar kansa, ya ce wa Munirat ta kawo wa Baffa lemo mai sanyi. Hamajoɗa ya sha, domin ƙin sha ma a'a ne. Daga ranar, duk lodin da ya fi ƙarfin mota da lemon kwalba yake zuwa.

Lokacin kuwa lokacin siminti ne. Garuruwan da aka ƙone ana ta sake gina su, kowane ɗan kwangila yana son kayansa jiya. Usaid yana da lissafinsa, kuma ba na ƙarya ba ne: gas ya yi tsada, shingaye sun yi yawa a hanya, kowane shinge kuma da bakinsa, wanda ya ja lodin doka zai dawo da mota babu komai sai gajiya. Yakan bayyana wa direbobi wannan a mitin, a tsanake. Hamajoɗa kuwa, a keɓe, yakan ƙara masa wata magana cikin tausayi.

"Baffa, in ka ji jiki ya fara gajiya ka faɗa mini, kada ka ji komai. Ga yara nan a bakin get, kowa da lasin ɗinsa, suna neman abin yi."

Hamajoɗa yakan ji makulli ya yi nauyi a aljihunsa, ya ce to.

Ɗaya tirelar tana hannun Apollos, mutumin Numan, ƙato mai murya, wanda tsarinsa ya sha bamban. Shi duk lodin da aka faɗa masa sai ya ce a'a yadda za a ji a bakin titi. Ya buga tebur, ya ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai kai ƙara ƙungiyar direbobi, ya fita ya banko ƙofa. Sannan ya je ya duba iskar taya ya ja kayan. Wata rana suna cin shinkafa a rumfar Nwabueze ya juyo kan abokinsa.

"Hamma, bakin nan naka na haya ne? Ka gaya wa yaron nan ba ka ɗauka. Motarka ya tsufa, kai ma ka tsufa."

"Na gaya masa."

"Yaushe?"

"Na daɗe a kujera."

"Ka daɗe a kujera. Ni ma na daɗe a coci, ban zama fasto ba."

Hamajoɗa ya tauna abin da ke bakinsa, ya tambaye shi, shi da yake cewa a'a, buhu nawa aka taɓa sauke masa. Apollos ya ce ko ɗaya, amma shi dai yana jin daɗin bakinsa. Nwabueze ya ce su biyun su ci gaba da yadda suke, shi bai taɓa sayar da sifirin kamar bana ba, har ya fara tunanin sa wa ɗansa na gaba suna Obalodi.

Hamajoɗa bai zauna haka kawai ba. Ya je Makama wajen Gogo, ƙanwar marigayi, wadda ita kaɗai ta rage a cikin masu jin irin maganarsa. Ya gaishe ta, ya yi zancen zafi, ya ce hanyar arewa ta lalace, mota kuma ba ta ƙara ƙuruciya. Gogo ta gane sarai. Da Usaid ya zo gaishe ta ranar Juma'a ta isar da saƙo, ita ma da irin nata semteende: ta ce ya riƙa duba Baffansa, nauyi ya yi masa yawa. Usaid ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ranar Litinin ya aiko wa Hamajoɗa da sabon matashin jingina na kujerar mota da man shafawa na ciwon baya.

A shekarun nan akwai kayan da hukuma ta hana a shiga da su arewacin jiha, don kada su faɗa hannun mutanen daji: fetur a jarka, da takin yuriya, wanda aka ce ana haɗa bam da shi. Kayan da aka hana kuwa su ne masu riba. Wani direba mai suna Ephraim, ɗan Michika, da yake ja wa wani mai mota daban, an tare shi a shinge aka ɗaga buhunan masara aka tarar da jarkoki. Mai motar ya rantse bai san da su ba. Bayan 'yan watanni motar ta dawo, domin mota tana da takardu. Ephraim bai dawo ba. Matarsa takan zo gareji ta zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin get, ba ta tambayar kowa komai, direbobi su wuce ta suna gaishe ta da ka. Hamajoɗa ya daina bi ta wannan get ɗin, yana zagayawa ta bayan masallaci.

Sai ga ranar da ya shigo gareji da rana tsaka ya tarar ana yi wa motarsa lodi. Fararen buhuna ake shimfiɗawa a ƙasan bodi, ana bin su da siminti. Bai yi boko ba, amma ya san buhun yuriya. Ya tsaya yana kallo siminti yana hawa, ya wuce bakin bodi, aka kafa katako a gefe aka ci gaba. Tayoyin baya suka baje kamar ƙafar raƙumi. Michika za a kai, kuma hanyar Michika a lokacin akwai gadar da aka fasa, sai mota ta gangara cikin yashin kogi ta hau ta wancan gefe.

Ya shiga ofis. Wannan karon bai kalli kujera ba, ya zube a tsugune a tsakiyar kafet. Usaid ya ajiye waya ya zo ya ɗaga shi da hannu biyu.

"Baffa, so kake Allah ya kama ni? Don girman Allah zauna."

Ya zaunar da shi, ya yi masa bayani. Manoma ne za su saya, mutanen da suka koma gonakinsu ba su da taki, ƙasa ta mutu, wannan ma taimako ne. An riga an yi magana da mutanen hanya. Kuma ba kowa zai ba wa irin wannan kaya ba, sai wanda ya yarda da shi kamar uba, wanda furfurarsa kaɗai ta isa a ɗaga masa shinge. In kuma Baffa yana ganin bayansa ba zai iya ba, ya faɗa.

Kalmar a'a ta zo wa Hamajoɗa har baki. Gajera ce, yaro ɗan shekara biyu ma ya iya ta. Ya dubi fuskar Usaid ya ga goshin marigayi da hancinsa, ya ga gidan da ya ci tuwonsa shekara da shekaru. Ya ce to. Ya zauna har lemon ya zo, ya sha, ya zauna har kwalbar ta daina gumi. Sannan ya tafi gida da makulli a aljihu.

A hanya, cikin keke napep, ya yanke shawara. Makami ɗaya ya rage masa, wanda bai taɓa ɗaukarsa ba sai sau ɗaya, kuma a wancan karon ya ci. Ya ce wa Na'inna ta share ƙofar gida da safe, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura, za a yi baƙo. Ta tambayi wane ne, ya ce ɗan Alhaji. Ta dube shi, ta dubi rigar da ya rataya a ƙusa da makulli a ciki, ba ta ƙara tambaya ba. Ita ma 'yar Makama ce.

Gari ya waye bai fita ba. Ya dawo daga masallaci ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Yana jin unguwa tana tashi, masu tura ruwa, yara masu tafiya makaranta. Kunnensa yana kan titi, yana jiran ƙarar motar Usaid. Ya riga ya shirya yadda za a yi: yaron zai shigo, ya yi zancen wani abu daban, shi kuma ya amsa masa da sakin fuska don kada ya ji kunya. Har ya ji tausayinsa.

Da hantsi keke napep ya tsaya a ƙofa. Muryar mace ya ji, Munirat akawu, tana sallama. Bangon ɗakin bulo ɗaya ne, babu abin da ya ɓoye masa. Ta gaida Na'inna, ta ce oga ya yi ta kiran waya ba a ɗauka, ko Baffa lafiya.

Na'inna ba za ta tsaya a ƙofar gida ta ce wa baƙuwa mijinta ya ƙi umarnin gidan da ya biya sadakinta ba. Irin wannan magana ba a faɗinta, ganewa ake yi.

"Bayan ne," in ji ta. "Ya ɗan motsa masa."

"Wayyo. Oga ma haka ya ce. Ya ce tun jiya ya ga yadda yake zama a kujera, ya kasa tashi. Ya ce a ba ni makulli kafin ya ji sauƙi, kaya suna jira."

Na'inna ta ɗaga labule ta shigo ta tsaya a kansa. Tsakaninsa da ƙofar gida bai fi tsawon igiyar ɗaure ɗan maraƙi ba. Lafiyarsa ƙalau, ƙafafunsa suna aiki, bakinsa ma haka. Da ya miƙe ya leƙa ya ce ba ciwo ba ne, ƙi ne, da ko ba komai an sani. Amma wa zai faɗa wa? 'Yar aike, sa'ar 'yarsa, a bakin titi, maƙwabta suna ji? Ya nuna rigar da haɓa. Na'inna ta zaro makullin ta fita da shi. Furar yara suka sha.

Apollos aka ba wa motar. Ya ce a'a har Nwabueze ya jiyo daga rumfarsa, ya ambaci 'ya'yansa, ya ambaci Ephraim, sannan ya duba iskar taya ya ja. Ya wuce shingaye, ya gangara yashin kogi, ya hau, ya sauke kaya a Michika, ya dawo da buhun gyaɗa da wani manomi ya ba shi don godiya. Ko taya ɗaya ba ta yi faci ba. Hamajoɗa bai yi wa kowa fatan sharri ba, Allah ya sani. Amma da a ce ko ƙusa ɗaya ta shiga taya, da ya samu abin da zai riƙe.

Usaid ya zo daga baya, da kwandon lemo da ayaba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a kan tabarma kamar ɗan mutunci, ya gaishe shi da jiki. Ya ce ya yi tunani, ya ga bai kyauta ba da ya bar dattijo yana fama da hanya har ta kai shi ga kwanciya, Gogo ma ta yi masa gargaɗi bai ji ba. Ya ce daga yau Baffa ya huta. Motar an ba wa wani yaro mai suna Danny, mai ƙarfi ne, kuma ba ya musu.

Nan Hamajoɗa ya yi magana mafi tsawo da ya taɓa yi wa wani ɗan gidan nan.

"Ni fa lafiyata ƙalau, Usaidu."

Idon Usaid ya kawo ruwa. Ya kama hannunsa ya riƙe.

"Haka Abba ma ya riƙa cewa, Baffa."

Da azumi ya zo ya aiko da buhun shinkafa, da salla ya aiko da yadi. Shekara ta biyu shinkafar ta zo, yadin bai zo ba. Hamajoɗa ya nemi mota wajen wasu, amma labari ya riga shi zuwa: kowa ya san bayansa ya tafi, babu mai ba gurgu tirela. Da ya ce ƙarya ne sai a ce ya faɗi abin da ya kwantar da shi, shi kuma ba zai tona asirin gidan Alhaji a bakin kasuwa ba. Sai ya riƙa tafiya yana ɗan dafa ƙugu, don kada a ce matarsa maƙaryaciya ce. A hankali bayan ya fara ciwo da gaske.

Na'inna ta koma sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana kaiwa gidajen ma'aikata a Shagari Low Cost. Babban ɗansu ya shiga jan keke napep. Shi kuwa yakan hau mota daga Yola zuwa Jimeta wasu ranaku ya zauna a rumfar Nwabueze, ya taya shi jera noti a gwangwani, ya kalli motoci suna fita a karkace. Matar Ephraim ta daina zuwa, aka ce ta koma ƙauye. Tayar da take zama a kai wani ya yanka ta ya yi takalma. An gyara gadar hanyar Michika, dokar taki ma ta sassauta, wasu kayan suka maye gurbinta. Apollos yana nan, murya ta ɗan dishe. In ya ga Hamajoɗa yakan ce, "Hamma, yaya kujera?" Hamajoɗa ya yi murmushi, domin a duk Jimeta wannan ƙaton kaɗai ne ya san abin da ya faru, kuma shi ma dariya abin yake ba shi.

Usaid bai manta da shi ba. A kowane mitin, in wani direba ya fara gunaguni a kan lodi, yakan ajiye biro ya ba su labarin Baffa Hamajoɗa, wanda ya yi wa gidansu aiki tun kafin a haife shi, aka ɗora masa kowane irin kaya a kowace irin hanya, bai taɓa cewa a'a ba ko sau ɗaya, har sai da bayansa ya karye a bakin aiki. Yakan ce irin waɗannan mutane sun ƙare. Direbobi suka ji labarin har suka haddace, daga ofis ya fito gareji, daga gareji ya bi sauran tashoshi.

Yanzu in mota ta cika, aka kafa katako a gefe don a ɗora abin da ya haura, shugaban 'yan dako yakan ɗaga murya ya ce a kawo hamajoɗa. Sababbin 'yan dako sun ɗauka sunan wani irin buhu ne.